Man Gyaɗa Da Injin Matsarsa: Abin Da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Ba a ɗora tukunya a gidan Bahaushe ba tare da an nemi mai ba. Mai ƙosai na bukatarsa, mai waina na bukatarsa, haka mai tsire da uwargida mai miya. Amma yawancin man da ke cikin jarkoki a kasuwanninmu yanzu ba na gyaɗa ba ne, manja ne da aka tace, ko na waken suya. Wannan abin kunya ne ga ƙasar da duniya ta san ta da gyaɗa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun yi tsammanin auduga zai riƙa kwasa, sai manoma suka duba inda riba take suka rungumi gyaɗa. Daga nan attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta, har aka riƙa jera buhuna ana yin dala tana jiran jirgi. Maraɗi ma da gyaɗa ta bunƙasa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya raunana noman, sannan a 1975 kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa, manoma da dama suka koma wake da gero. Yanzu Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fito da iri masu jure wannan cuta, kamar Samnut 24 mai nuna da wuri. Saboda haka uzurin cuta ya ragu.

To, a san cewa kowace ƙwaya da nata rabon mai. Kusan rabin nauyin ɓararriyar gyaɗa mai ne, haka ma riɗi. Waken suya bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, amfaninsa ya fi yawa a abincin kaji. Angurya ma tana da mai, sai dai akwai wani dafi a cikinta, don haka ba a cin ɗanyen manta sai an tace shi a masana'anta. Riɗin da Jigawa da Nasarawa da Binuwai ke nomawa kuwa, galibinsa ɗanye ake fitarwa ƙasashen waje, wasu su matse su ci ribar.

Hanyar iyayenmu mata sananniya ce: a soya gyaɗa, a murje, a fece, a kai markaɗe, a riƙa juyawa a turmi ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, tunkuzar kuma a yi ƙuli-ƙuli da ita. Man nan ba shi da na biyu wajen ƙanshi, kuma sana'ar ta aurar da 'ya'ya ba adadi. Aibinta wahala, da kuma yawan man da ke saura a tunkuza. Injin matsa yana da wani murɗaɗɗen ƙarfe mai juyawa a cikin bututu, yana tura ƙwaya yana matse ta, mai ya tsiyaye ta ƙasa, tunkuza ta fito ta baki a bushe. Inji mai kyau yakan bar kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na mai a tunkuza. Manyan masana'antu suna bi da wani sinadari su tsotse saura, har abin da ya rage bai kai kashi 1 ba, amma wannan ba aikin ƙaramin jari ba ne.

Ga inda muke son mai karatu ya tsaya ya natsu. Inji ba ya gyara gyaɗar da ta lalace. Idan gyaɗa ta kwana cikin laima, ko aka zuba ta a buhu ba ta gama bushewa ba, sai ta yi fumfuna. Wannan fumfunar tana haifar da guba da likitoci ke kira afalatoksin. An gano ta a Ingila bayan 1960, shekarar da talotalo kimanin 100,000 suka mutu saboda cin tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Gubar tana lalata hanta, tana jawo sankarar hanta, an kuma danganta ta da tsumburewar yara. Suya ba ta kashe ta. Tatar masana'anta tana raba mai da mafi yawanta, amma a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙulin da yara ke gurgura a hanyar makaranta da yajin da ake barbaɗa wa tsire. Abin takaici shi ne al'adar ware kyakkyawar gyaɗa a kai kasuwa, a tara ruɓaɓɓiya da motsattsiya a ce ai ta mai ce. Wanda ya yi haka ya sayar da lafiyayya ga baƙo, ya ajiye cuta ga iyalinsa.

Maganin ba shi da tsada. A cire gyaɗa da zarar ta nuna. A shanya ta a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, har sai an girgiza an ji ƙwaya tana kaɗawa a cikin ɓawo. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. Kafin matsa a zauna a tsince duk mai baƙi ko kore ko ɗaci, kuma kada a ba kaji ko shanun tatsa, domin gubar tana bi ta cikin nono. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage wannan guba. A tambayi malamin gona.

Mai niyyar sayen inji, ko shi kaɗai ko ƙungiya, ya fara lissafin gyaɗar da zai ciyar da shi. Da kaka tana da araha, da bazara ta yi tsada, injin da ya yi wata uku ya kwanta kuwa bashi yake tarawa. Ya tambayi inda ake samun kayan gyara da makanikin da ya san shi, ya ƙiyasta kuɗin gas tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, ya kuma nemi masu kiwon da za su sayi tunkuza, don sau da yawa a nan ribar take. Kada ya manta da rariya, tsakuwa ɗaya tana iya cinye murɗaɗɗen ƙarfen nan. Haka kuma man da ba a tace shi da kyau ba, ko ya taɓa ruwa, ko aka bar shi a rana, ba ya jimawa sai ya canza wari.

Ku kuma masu saye, tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a man masana'anta a Nijeriya. Ku duba lambar hukumar NAFDAC da alamar ido a jikin galan. In na aune za ku saya, ku saya wurin wadda kuka ga irin gyaɗar da take tsincewa, kuma ku guji man da aka ɗura a tsohuwar jarkar fetur ko ta maganin feshi.