Hayaƙin taba da huhunmu

Isufu shi ne gwanin gudu a ajinmu. A lokacin hutun damina ya fara shan sigari a ɓoye tare da wasu samari a bakin tasha. Ran alhamis muka buga ƙwallo. Ba a daɗe da farawa ba, sai Isufu ya durƙusa yana haki, yana tari. Washegari Malam ya yi mana bayani.

Kowane mutum yana da huhu biyu a cikin ƙirjinsa. Iskar da muke shaƙa tana bi ta hanci da maƙogwaro, ta shiga huhu, daga nan jini ya kai ta ko'ina cikin jiki. A hanyar iskar akwai wasu ƴan ƙananan gasusuwa da ido ba ya gani. Aikinsu shi ne share ƙura da majina, kamar tsintsiya.

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7000. Ba ya jira sai mutum ya tsufa kafin ya cuce shi. Yana raunana gasusuwan nan, majina ta taru, tari ya zo. Wata guba a cikinsa tana tare wurin iska mai kyau a cikin jini, shi ya sa mai shan taba yake saurin gajiya. Nikotin kuwa yana sa zuciya bugawa da sauri, yana kuma sa mutum ya kasa dainawa.

Akwai kuma sigarin lantarki, mai aiki da batir. Tururinsa yana ƙamshin mangwaro ko na alewa, amma galibinsa akwai nikotin a ciki. Yana kawo tari da ƙaiƙayin maƙogwaro, yana iya tayar wa mai fuka da ciwonsa.

Malam ya dubi Isufu ya ce: "Ɗana, ba ka makara ba. In mutum ya daina, cikin minti 20 bugun zuciyarsa yake fara sauka, cikin ƴan makonni numfashinsa ya fara gyaruwa."

Mu riƙe:
Taba tana cutar da huhu tun daga karan farko. Hayaƙinta yana cutar da na kusa da mai sha.

Kalmomi:
huhu: le poumon
hayaƙi: la fumée
fuka: l'asthme

Tambayoyi:
1. Me ya sami Isufu a filin ƙwallo?
2. Mene ne aikin ƙananan gasusuwan hanyar iska?
3. In abokinka ya miƙo maka sigari, me za ka ce masa?