Kano zuwa Jidda: Shawarwari ga gidan da zai sallami matafiyi

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kilomita kusan 3,400. Idan jirgi ya miƙe bai yada zango ba, awa biyar kan ishe shi. Amma gidan da ya shirya wa awa biyar kaɗai, shirinsa da saura.

1. Ku karanta tikiti da agogo biyu. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma kowane lokaci da ke jikin tikiti na garin da aka ambata ne. Jirgin da ya tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare ya sauka 5 na asuba a Jidda, awa biyar ya yi, ba bakwai ba. A gida ƙarfe 3 na dare ne. A dawowa kuwa lissafin juyawa yake.

2. Ku tambayi mai sayar da tikiti ko jirgin zai ratsa Alkahira ko Addis Ababa. Tikitin ratse yakan fi araha, amma zaman jira na iya cin wuni guda. Ga matashi ba komai. Ga Hajiya mai ciwon gwiwa, wadda ba ta jin Larabci ko Turanci, ni dai ban ga ribar wannan arahar ba.

3. Hanyar da ta fi kusa ta bi ta saman Chadi da Sudan ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Kada ku dogara da lissafin wanda ya je shekarun baya.

4. Mai niyyar Umara da zai sauka a Jidda ya daura haraminsa tun daga Kano, ko ya sa shi a jakar hannu, domin a sama za a ƙetare miƙati. Haramin da aka auna da manyan kaya sai bayan sauka za a sake ganinsa. Wanda zai fara da Madina kuwa, sai a Zul-Hulaifa.

5. Maganin hawan jini da na sukari su zauna a jakar hannu, tare da ɗan dabino. Goro kam a bar shi a gida, komai nacin Baba. Hukumar alhazai ta sha yin gargaɗi a kansa.

6. Ku isa fili awa uku kafin tashi. A Disamba da Janairu hazo kan hana jirgi sauka a Kano, don haka direban da ya kawo ku ya dakata sai an kira fasinja shiga.