Darasi: Yadda Za Mu Adana Ruwan Mangwaro a Kwalba

'Yan'uwa manoma, kowace shekara daga watan Afrilu zuwa Yuni abu ɗaya muke gani a lambunan Gwarzo da Kabo. Mangwaro yakan nuna a lokaci guda. Wanda ya kai kwandonsa kasuwa sai ya tarar kowa ya kawo nasa. Mai saye ya taya yadda ya ga dama, gama ya san mangwaro ba ya jira. Saura kuwa ya ruɓe a gindin bishiya, awaki su ci su bari. Bayan wata uku sai mu ɗauki kuɗi mu sayo wa yara lemon kwalba. A wannan darasi za mu koyi matse mangwaro mu adana ruwansa, ba tare da ya lalace ko ya zama giya ba.

Abin da masu tuffa suke yi

Manoman Ingila da na Nomandi a ƙasar Faransa sun daɗe da irin wannan damuwa game da tuffa. Idan ta yi yawa da kaka, sai su niƙa ta su matse ruwan su zuba a ganga. Bayan 'yan makonni ya zama wata irin giya da suke kira "saida". A Amurka kuwa da yawa sukan sha ruwan da zaƙinsa, tun bai juya ba.

Tuffa ba ta 'ya'ya a ƙasarmu, domin tana bukatar sanyi mai tsawo wanda hunturunmu bai kai ba. Sai a wurare masu tudu kamar Jos ake samun kaɗan. Yawancin wadda muke gani a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano daga waje ake kawo ta, musamman Afirka ta Kudu. Mangwaro shi ne tuffarmu. Amma giya ba ita muke nema ba. Ba ta dace da mu ba, kuma tun 2000 Jihar Kano take bin shari'ar Musulunci, wadda ta hana yin giya da sayar da ita. Saboda haka tilas mu san abin da ke juyar da ruwan 'ya'yan itace, domin mu hana shi.

Me ke juyar da ruwan?

A jikin ɓawon kowane ɗan itace akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Ɗaya daga cikinsu shi ne yis, irin wanda ke kumbura burodi. Idan ya sami ruwa mai zaƙi sai ya ci sukarin, ya fitar da iska da barasa. Shi ya sa kunun zaƙi da ya kwana yakan yi kumfa. A zafin bazara, ruwan mangwaro yakan soma haka cikin yini ɗaya. Idan an toshe shi a kwalba, iskar tana iya fasa ta.

Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya nuna cewa zafin da bai kai tafasa ba ya isa ya kashe waɗannan halittu, ya kuma yi rajistar dabararsa a 1865. A 1869 wani likitan haƙori ɗan ekklesiyar Metodis a Amurka, Thomas Welch, ya bi wannan hanya ya adana ruwan inabi marar barasa domin Jibin Ubangiji. Hanyar ke nan da za mu bi. Asirinta uku ne: tsabta, tsami, da zafi.

Kayan aiki

Mai koyo ya fara da kaɗan. Ga abin da zai ba mu kwalba tara ko goma, girman ta lemo:

Naman mangwaro da aka tace, lita 1
Tafasasshen ruwa, lita 2
Sukari, gwangwanin madara 2
Ruwan lemon tsami, gwangwanin madara 1

Gwangwanin da muke nufi shi ne ƙaramin nan na madarar Peak. Muna kuma bukatar wuƙa, rariya ko farin ƙyalle, muciya sabuwa wadda ba ta taɓa tuwo ba, mazurari, da kwalaben gilas masu murfi mai kamawa sosai. Tukunya ta zama ta silba. Tsami yana cin tukunyar ƙarfe har ya baƙanta ruwan, tukunyar da aka narka daga tsofaffin ƙarafa kuwa tana iya sakin dalma, wadda guba ce ga yara. Kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko fetur, ko kananzir, kada mu yi amfani da ita ko an wanke ta sau goma.

Yadda ake yi

1. Mu tsinko mangwaro daga bishiya, nunanne amma bai yi lugub ba. Wanda ya faɗi ƙasa, ko mai tabo, ko mai tsutsa, a ware shi. Ruɓaɓɓe ɗaya ya isa ya ɓata tukunya.

2. Mu wanke hannu da sabulu, mu wanke mangwaron, sa'an nan mu fere. Mai zare ma yana yi, rariya za ta riƙe zaren. Mu murza naman a rariya har mu sami lita ɗaya.

3. Kafin nan wasu su wanke kwalabe da murafe, su tafasa su minti 10, su bar su cikin ruwan zafin har lokacin cikawa.

4. Mu haɗa naman da ruwa da sukari da lemon tsami, mu ɗora a wuta muna juyawa. Idan ya soma ɓararraka a gefen tukunya, watau wajen digiri 90 ga mai ma'auni, mu rage wuta mu ba shi minti 5.

5. Mu zuba shi da zafinsa cikin kwalba mai zafi. Ruwan zafi a kwalba mai sanyi yakan fasa ta. A bar fili kamar faɗin yatsa biyu a wuya, a goge baki, a rufe nan da nan.

6. Mu shimfiɗa ƙyalle a gindin babbar tukunya, mu jera kwalaben, mu zuba ruwan zafi har ya rufe su. Daga sa'ad da ya tafasa mu ƙirga minti 25. A duba agogo, kada a yi kintace.

7. Mu fitar da su, mu ajiye a kan katako ko buhu inda iska ba ta bugu, su huce da kansu. A rubuta ranar aiki a jikin kowace kwalba.

Kada a rage lemon tsami

Wani zai ce lemon ya yi yawa, bari a rage domin zaƙi. Kada mu yarda. Akwai wata ƙwayar cuta a cikin ƙasa wadda tafasa ba ta kashe irinta. Tana girma inda ba iska, kamar rufaffiyar kwalba, kuma dafinta yakan shanye jiki, har ya kashe mutum. Tsami ne ke hana ta girma. Mangwaro kuwa yana ƙara nuna tsaminsa yana raguwa. Ana iya rage sukari, amma ban da lemon.

Ajiya da gwaji

A ajiye kwalabe a ɗaki mai duhu da sanyi, a duba su bayan mako biyu. Wadda ta yi kumfa, ko murfinta ya kumbura, ko ta yi furfura a sama, ko ta yi wari da aka buɗe, a zubar da ita. Kada a ɗanɗana, kada a ba yaro. Wadda ta zauna lafiya takan kai wata shida. Idan an buɗe, a shanye a ranar.

Shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce, shekarar fari ta koyo ce. Mu yi domin gidajenmu, mu rubuta kuɗin sukari da lemon da itace da kwalabe, da yawan waɗanda suka lalace. Wannan littafi shi zai gaya mana ko akwai riba. In za mu kai kasuwa daga baya, sai mun nemi rajistar hukumar NAFDAC tukuna.

Tambayoyi domin taro

1. Kwando nawa na mangwaro ya lalace mana bara?
2. Me ya sa ba a rage lemon tsami?
3. Su wa za su tara kwalabe, wa kuma zai riƙe littafi, kafin mangwaro ya nuna?