BABI NA BAKWAI: Fita da Ɗalibai Nazarin Alamomin Namun Daji

7.1 Gabatarwa

Ɗalibin sakandare a yau ya san karin maganar "sawun giwa ya taka na raƙumi", alhali bai taɓa ganin giwa ba. Idan dabba ta ɓace daga muhalli, sunanta da ilimin da ke tattare da ita sukan bi bayanta. Don haka ya wajaba malamin Hausa ya riƙa fita da ɗalibansa su ga abin da kalmomi ke nufi. Za mu ɗauki Unguwar Lalle ta ƙaramar hukumar Sabon Birni a ƙasar Gobir a matsayin misali.

7.2 Alamomi da Dacewa da Muhalli

Mafarauta kan gane dabba ta hanyar sawu, kashi, rami, sheƙa ko saɓa. Guza, alal misali, yakan bar layin jan wutsiya tsakanin sawayensa. Daga alama sai malami ya ja hankalin ɗalibai zuwa ga yadda halittar dabba ta dace da yanayin wurinta:

(a) Gaiwa kan shige cikin laka idan fadama ta ƙafe, tana shaƙar iska har ruwa ya dawo.
(b) Damo kan tara kitse da damina, ya lafe a rami da rani.
(c) Bushiya kan dunƙule, ƙayoyinta su kare ta daga maƙiyi.
(d) Shamuwa kan yi ƙaura, ta iso gab da faɗuwar damina.

7.3 Matakan Gudanarwa

1. A nemi izinin shugaban makaranta da iyaye. Saboda hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Sabon Birni da Isa, kada a wuce harabar makaranta da gonakin bakin gari.
2. A gayyaci Sarkin Baka ko wani tsohon mafarauci ya yi jagora.
3. A fita da sassafe, kafin iska da garken awaki su shafe sawu.
4. A hana sa hannu cikin rami, da kama ko kashe dabba.
5. Ɗalibai su zana alamar, su rubuta sunanta da Gobirci da kuma Daidaitacciyar Hausa.

7.4 Jinga

1. Kawo karin magana biyar masu ɗauke da sunayen namun daji, ka bayyana halin dabbar da kowace ta dogara a kansa.
2. Tsara darasin minti 40 bisa matakan da aka ambata.