Yadda Ake Gane Jiragen Ruwan Dakon Kaya na Farkon Ƙarni na 20

Gabatarwa

Jirgin ƙasa bai iso Maiduguri ba sai 1964. A farkon mulkin Turawa, kaya masu yawa da ake kawowa Barno ta ruwa suke bi, daga teku zuwa Lakwaja, a hau Binuwai zuwa Yola, ko a ratsa Gongola zuwa Nafada, sannan 'yan alaro da dabbobi su ƙarasa da su. Wannan 'yar maƙala za ta nuna wa ɗalibi yadda zai bambance jiragen a tsofaffin hotuna, don kada ya ɗora hoton Burutu a kan tarihin Yola.

Jirgin Teku

Irinsa ne kamfanin Elder Dempster yake turowa daga Libaful. A dubi tudu uku a jikinsa: ɗaya a goshi, ɗaya a tsakiya inda matuƙi da inji suke, ɗaya a baya. Tsakaninsu akwai rumbunan kaya da sandunan ƙugiya na lodi. Goshinsa a miƙe yake, bututun hayaƙinsa dogo ne, domin ya ja iska wutar kwal ta ci sosai. Ba a ganin farfelarsa, tana cikin ruwa. Gindinsa yana nitsewa da zurfi, shi ya sa yake sauke kaya a Forkados da Burutu.

Jirgin Kogi

Babbar alamarsa ita ce ƙatuwar ƙafa mai filafilai da take juyawa a bayansa. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti saboda yashi da ƙarancin ruwa. Yana da bene mai rumfa, gefensa a buɗe, sau da yawa da tarin itacen wuta da kwale-kwalen ƙarfe ɗaure a jikinsa. Idan aka gan shi a Yola, to hoton na wajen Agusta zuwa Oktoba ne, lokacin cikar Binuwai.

Jirgin Tafki

Ƙarami ne na ƙarfe, ana kwance shi gunduwa-gunduwa a ɗauka a ka, a sake haɗawa. Misali shi ne Léon Blot, wanda Bafaranshe Emile Gentil ya shigar Tafkin Chadi ta kogin Shari a 1897.

Kammalawa

A taƙaice, a fara duba abin da yake tura jirgin, sannan gindinsa, sannan benensa. Zurfin ruwa shi yake yanka wa jirgi riga, don haka sifarsa kan faɗi inda aka ɗauki hoton.