Awon Teɓa da Igiya

Sikeli ba ya rarrabe kitse da tsoka. Kitsen da ya taru a ciki shi ne mai haɗari, gama yakan jawo ciwon sukari da hawan jini, babbar riga kuwa tana ɓoye shi.

A 2022 hukumar da ke ba likitocin Ingila shawara ta ce kada kewayen cikin baligi ya kai rabin tsawonsa. Watau mai tsawon inci 68, kada cikinsa ya kai inci 34.

Malamin hakimi yana iya gwada wa dagatai. A yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka biyu, a kewaya cikinsa da ita bisa cibiya kaɗan, bayan ya saki numfashi. In bakunan ba su haɗu ba, lalle ya ga likita. Ban da mace mai ciki.