Tsakanin Kunya da Kirari: Tsara Takardar Tarihin Kai ga Sabbin Masu Digiri a Masarautar Gumel

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsalar da sabon mai digiri ke fuskanta wajen rubuta takardar tarihin kai, wadda aka fi sani da sibi, alhali bai taɓa riƙe aikin albashi ba. An ɗauki misalai daga ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce yabon kai jahilci ne. A kan wannan tarbiyya ake renon yaro, ita kuwa takardar tarihin kai tana buƙatar mutum ya jera nagartarsa da bakinsa. Saboda haka akan sami matasa kashi biyu. Wasu kunya kan hana su ambaton abin da suka iya, wasu kuma sukan cika takardar da kalmomin kambamawa tamkar ɗan dambe yana kirari. Dukkansu sukan rasa kiran ganawa, domin mai ɗaukar aiki hujja yake nema.

2.0 Ma'anar Gogewa

Kuskure ne a taƙaita gogewa ga aikin ofis. Ɗalibin da ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Gumel ya yi koyarwar gwaji. Wanda ya karanci kimiyya ko fasaha a Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, ko Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, ya yi zaman koyon aiki a ma'aikata. Bautar ƙasa, wadda aka soma a 1973, shekara guda ce ta aiki. Haka nan kundin digiri shaida ne na iya tattara bayanai da tantance su.

Akwai kuma gogewar da muhalli ya bayar. Kasuwar Maigatari, da ke bakin iyakar Nijar, ta shahara da cinikin dabbobi da riɗi da zoɓo. Matashin da ya riƙe wa dillali littafin lissafi a can ya san ajiyar bayanai da riƙon amana. Mai koyarwa a Islamiyya a Sule Tankarkar, ko sakataren ƙungiyar manoma a Gagarawa, ya san tafiyar da jama'a.

3.0 Tsari da Salo

Shafi ɗaya ya wadatar. A fara da suna da lambar waya da adireshin imel, sai karatu daga na baya-bayan nan, sai gogewa, sai fasahohi da harsuna, sannan mutum biyu da za su yi shaida, bayan an nemi yardarsu. Malami ya ambaci rajistarsa da hukumar rajistar malamai. Mai jin Faransanci ko Fulatanci ko Barbarci ya rubuta, domin harshe jari ne a garin iyaka.

Galibi da Ingilishi ake miƙa takardar, amma ƙa'idar ɗaya ce a kowane harshe: aikatau ya fi sifa nauyi. Maimakon "mai himma da ƙwazo", a ce "na koyar da Hausa a aji biyu na ƙaramar sakandare tsawon zango guda". Jimlar farko da'awa ce kawai, ta biyu kuwa ana iya bincikenta. Kada a ƙara wata ko shekara a kan gaskiya, domin tambaya ɗaya a wurin ganawa kan tona asiri.

4.0 Kammalawa

An ga cewa faɗin aikin da aka yi, da wurinsa da lokacinsa, bai saɓa wa kunyar Bahaushe ba, domin bayar da shaida ne. Ya kamata sassan nazarin Hausa su sanya wannan nau'in rubutu cikin darussan insha'i, kafada da kafada da rubutun wasiƙa, su kuma daidaita kalmominsa.